Sawun Ƙafar Desa

Brownsville, Tennessee
8 ga Yuni

Ɗana Lamont,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da jikata Desa. Yaya aiki, yaya baƙunta? Har yanzu baƙi nake ce muku a can, ko da yake kun doshi rabin shekara. Ni dai lafiya lau, sai gwiwar hagun nan da ke sanar da ni zuwan hadari tun mai labarin yanayi bai buɗe baki ba. Kunne kuwa ka san halinsa. An sake gyara mini na'urar ji, amma da na kara waya sai ta kama fito kamar butar shayi, shi ya sa na koma ga biro da takarda. Ka yi haƙuri da rubutun tsohuwa.

Tumatir ya yi kyau bana, kuɓewa kuwa zomaye sun riga ni. A coci kowa tambayar Desa yake yi. Sista Earline ta ce in gaya mata har yau ba a sami wanda ya maye gurbinta a mawaƙan yara ba, wai sauran duk kwaɗi ne.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya na ji an sanar da ranakun ba-haraji, ƙarshen makon ƙarshe na Yuli kamar kullum, daga Juma'a zuwa Lahadi. Tufafi, takalma, kayan makaranta, duk gwamnati za ta ɗauke hannunta a kai. Ka san ni. Tun 'yata Renita tana aji ɗaya ban taɓa sayen takalmin makaranta na biya masa haraji ba, kuma ba a kan 'yarta zan fara ba. Marigayi baban Renita yakan ce da za a yafe harajin akwatin gawa a wannan mako, to a cikinsa zan mutu don kada a yi asara.

Wannan ne karo na farko da za a yi ranakun ba Renita. Allah ya ɗauke mini 'ya, ya ɗauke maka mata, amma ƙafar yarinya ba ta san da wannan ba, girma kawai take yi. Saboda haka ka turo mini ita. Ta zo ko da mako guda ne kafin lokacin, in auna ta, in ga abin da ya yi mata kaɗan. Ranar Juma'a mu yi sammako zuwa garin Jackson yadda muka saba, mu fara da takalmi kafin mata su yamutsa kantin, mu ƙare da soyayyar tarwaɗa a gidan abincin nan na bakin hanya. Kai namiji ne. In aka bar ka, ranar da ka ga dama za ka shiga kanti, ka ɗauko abin da hannunka ya fara taɓawa, ka biya har da na gwamnati kana murmushi. Sannan yarinya 'yar shekara goma sha biyu akwai abubuwan da ba za ta iya buɗe baki ta ce ubanta ya saya mata ba.

Ba wani abu ba ne, tattali ne kawai. Ɗakinta yana nan yadda ta bar shi, labule kaɗai na wanke.

Ka gaishe mini da ƙawata Desa, ka ce ta daina cin farce.

Mamarka,
Verlene Tuggle


Hermiston, Oregon
22 ga Yuni

Mama Verlene,

Ina gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarki ta same mu lafiya. Sannu da gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi, kuma don Allah ki rage durƙuso a lambun nan. Ki bar wa zomaye kuɓewar, su ma bayin Allah ne.

Mu ma lafiya muke. Aiki dai kullum ina sama, kan dogayen injinan iskar nan masu ba da wuta, daga can sai ka ga mota kamar ƙwaro. Desa ta gama aji shida da sakamako mai kyau, ta kuma ƙara tsawo, yanzu ta kai kafaɗata. Na sa ta ajin koyon iyo don kada zaman gida ya yi mata yawa. Mutanen garin nan ba su da zance sai na kankanarsu, wai babu kamarta a duniya. Na ce musu su bari sai sun ɗanɗana tumatirin surukata.

Batun zuwanta, Mama, na zauna na duba. Kuɗin jirgi ya fi abin da za a tsira da shi nesa ba kusa ba, ga shi sai ta sauya jirgi a hanya ita kaɗai. Sannan ga abin da zai ba ki dariya: a nan Oregon babu harajin saye sam. Abin da aka rubuta a jikin kaya shi za ka biya, ko Litinin ko Lahadi, rani da damina. Ranar da na fara sayayya a nan, na miƙa kuɗi na tsaya ina jiran a ce in ƙaro, sai matar kantin ta dube ni ta ce, "Yallaɓai, akwai wani abu ne kuma?" Wato mu kullum ranar ba-haraji ce. Makarantarsu ma sai an shiga Satumba za a koma, ba kamar tamu ta gida ba.

Don haka ki huta, Mama. Kin yi naki shekara da shekaru. Bana ba sai kin wahalar da kanki ba, komai muna da shi a nan.

Desa tana gaishe ki.

Ɗanki,
Lamont Pettway


Brownsville
1 ga Yuli

Lamont,

Bayan gaisuwa. Ina lafiya, gwiwa ma da sauƙi, tun da an ce in huta.

Na ga saƙonka, na kuma fahimta. "Komai muna da shi a nan." To madalla. Ashe kun faɗa ƙasar da gwamnati ba ta son kuɗi, kankana ta fi ta kowa, kuma ba a rasa komai. Ban san akwai irin wannan wuri a doron ƙasa ba, na ɗauka sai an mutu ake zuwansa.

Ka ce tana gaishe ni. Hannunta ya karye ne? Yarinyar da ta cika mini jikin firij da zane-zane, yau layi ɗaya ya gagare ta?

Ba zan ja da kai ba, 'yarka ce. Amma abu ɗaya nake roƙo. Ka sami kwali mai faɗi, ta taka shi ba takalmi ba safa, a tsaye ba a zaune ba, kuma da yamma lokacin da ƙafa ta saki. Ka zagaye sawun da fensir, ka riƙe shi a miƙe, kada ka kwantar da shi. Ka aiko mini kafin ranakun. Lambar da ake rubutawa a takalmi ban taɓa yarda da ita ba, kowane kamfani da irin ƙaryarsa. Da kwalin nake zuwa, in zura shi ciki, in bar wurin babban yatsana a gaba saboda girma. Haka na yi wa Renita, haka muka yi wa Desa tun tana tatata.

Takalmi dai ni zan saya, ko da a ƙasarku kyauta ake rabawa.

Verlene


Brownsville
16 ga Yuli

Lamont,

Ina fata lafiya. Ni ƙalau.

Shiru na ji. Kullum mai kawo wasiƙu sai ya ɗago mini hannu tun daga nesa, alamar babu, har na fara jin kunyar tsayuwa a bakin hanya. In maganata ce ta yi zafi, ka san bakin tsohuwa. In kuma kwali ne babu a Oregon, ka faɗa in aiko muku, mu a nan shi kam muna da shi.

Lokaci yana ƙurewa.

Verlene


Brownsville
28 ga Yuli

Ɗana Lamont,

Ina gaishe ku, ina kuma roƙon Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye ku. Ni jikina lafiya. Sauran kuwa bari in gaya maka, don in ban gaya wa wani ba zai shaƙe ni.

Ranakun sun zo sun wuce, kwali bai zo ba. Ranar Juma'a na ce ba zan je ba. Na dafa shayi, na zauna, sai na ga ashe na riga na sa rigar fita da takalmina na yawon kanti. Na ce to, in je in sayo mata safa da littattafan rubutu, su dai ba sa bukatar awo.

Na ajiye mota can ƙarshen fili ƙarƙashin bishiyar nan, inda Renita take sa in ajiye don kada a goge wa motar fenti, mu yi ta tafiya a rana ina yi mata mita. Kantin ya cika maƙil kamar kullum. Iyaye mata riƙe da takardun jerin kayan da makaranta ta ba su, yara na kuka, wani uba tsaye tsakiyar hanya da jakar goyo biyu a hannu kamar wanda aka yi wa sata. Wata ta fizge fakitin safa daga hannun wata ta ce, "Baiwar Allah, ni na fara gani." Ɗayar ta ce, "Gani kika yi, ni kuwa ɗauka na yi." Har na yi dariya, na juya in taɓa Renita in nuna mata.

Ka san yadda muke yi mu uku. Kai ba ka taɓa bin mu ba, kullum sai ka ce ciyawa za ka yanke. Renita ce mai kiran sunayen kaya, ni ce mai tura keken kaya, Desa ce mai gudu ta ɗauko. Kuma ka san rabin abin da ke shiga keken ba na Desa ba ne, na 'yan ajin da Renita take koyarwa ne. Duk shekara daga aljihunta take saya wa yaran da za su zo ranar farko hannu biyu: fensiran kala, gam, almakashin yara, takardar share hanci kwali-kwali. Takan ce, "Mama, yaron da ba shi da fensir ba ya ɗaga hannu ko ya san amsa." Shi ya sa take jiran waɗannan ranaku kamar Kirsimeti.

Lamont, ban san lokacin da na cika keken ba. Hannuna ne kawai yake tafiya, ya san kowane layi, ya san irin gam ɗin da take so da wanda take cewa ruwa ne zalla. Sai da na isa wurin biya, ina jera kaya, yarinyar da ke karɓar kuɗi ta yi murmushi ta ce, "Mama, ashe malama ce ke. Wane aji?" Na ce, "Aji biyu." Bakina ne ya faɗa. Ta ce, "Yaranki sun yi sa'a." A nan ne na dubi kayan, na gane abin da na yi. Layi ya yi tsawo a bayana. Yarinyar ta ce, "Ko a rage wasu ne?" Na ce a'a, kada ta taɓa komai.

Ban tsaya cin tarwaɗa ba. Makarantar Renita na wuce kai tsaye, don malamai sun fara shigowa gyaran azuzuwa. An cire sunanta daga ƙofar ajin, an sa na wata. Yarinya ce ƙarama mai kirki, ba ta san Renita ba. Ta taya ni shigar da kayan tana ta godiya, sannan ta ce, "In yara sun tambaya, in ce daga wa?" Na buɗe baki, sunan 'yata ya ƙi fita. Na ce ta ce daga wata tsohuwa.

Safar Desa kuwa da na je dominta, sai da na dawo gida na ga ban saya ba.

Bari in daina ɓoye-ɓoye. Ba haraji ba ne, Lamont. Tun farko ba haraji ba ne. Kewar yarinyar nan ce take cin raina. Ita kaɗai ta rage mini da ke dariya irin ta Renita, kuma na ɗauka in ta zo muka shiga kantin nan mu biyu, zan iya. Ban iya cewa haka ba, sai na ce tattali. In wani laifi na yi maka da ya sa kake nesanta ta da ni, ka faɗa mini shi in nemi gafara. Gidan nan ya yi mini girma.

Mamarka,
Verlene


Hermiston
26 ga Yuli

Mama Verlene,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Lafiyarmu ƙalau. Wasiƙunki biyu duk sun iso, suna nan kan tebur, kullum ina ganinsu ina rasa abin da zan rubuta. Yau Asabar, na san ana tsakiyar ranakun, na kuma san kin jira. Ga kwalin a ciki. Na san ya makara.

Mama, maganar da na yi miki ta kuɗin jirgi da haraji gaskiya ce, amma ba ita ce ta hana ba. Ranar da wasiƙarki ta farko ta zo, a ranar na nemi hutu wurin aiki, aka kuma ba ni. Niyyata in kawo ta da kaina. Muna cin abincin yamma na ce, "Albishirinki, za mu je wurin Kaka sayayyar makaranta." Na ɗauka tsalle za ta yi. Sai ta ajiye cokali.

Ta ce, "Baba, ba zan je ba."

Na ce, "Wurin Kakarki fa?"

Ta ce, "A mota wa zai zauna a gaba?"

Na ce ai ita ce za ta zauna, ta girma yanzu. Ta girgiza kai ta ce, "Wurin Mama ne. Kuma in na shiga kantin nan, na ɗauko abu na juyo da gudu, wa zan nuna wa? A nan in na rufe ido sai in ce tana can gidan Kaka, aiki ne ya riƙe ta. In na je na ga ba ta nan, shi ke nan."

Mama, ni ma abin da ya koro ni daga Brownsville ke nan, na laƙaba wa aiki. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ka gaya wa Kaka. Za ta ce na daina sonta ne." Na yi mata alkawari. Da na zauna rubuto miki, na nemi abin da zan laɓe a bayansa, sai na ga ke ma da haraji kika zo, na ce bari in amsa da haraji. Na ce ki huta don in sauƙaƙa miki. Sai da amsarki ta zo na sake karanta abin da na rubuta a raina, na ji yadda ya sauka. Komai muna da shi a nan? Mama, gidan nan ko wanda zai yi mata kitso mai kyau babu. Ni nake yi, kuma yara suna yi mata dariya.

Kwalin kuwa tun ranar da wasiƙarki ta neman sa ta iso na samo shi. Na shimfiɗa a ƙasa, ta taka, na durƙusa da fensir yadda kika ce. Ina kai hannu zan riƙe idon sawunta ta janye ƙafar ta ce, "Ba haka Mama take yi ba." Ashe Renita takan yi mata cakulkuli da fensirin a tafin ƙafa, ta yi ta dariya layin yana karkacewa, ke kuma kina faɗa kina cewa sun ɓata miki kwali. Ta shige ɗaki. Ban sake tayar da zancen ba, kwalin ya yi ta zama a jingine bayan ƙofa.

Jiya na dawo daga aiki na tarar da shi a kan tebur. Ita ta zana da kanta. Za ki ga layin ya karkace wajen dunduniya, inda hannunta bai kai ba.

Na saɓa alkawarin da na yi mata, don na ga shirun ya fi cutar da ke. Ba nesanta ta nake yi da ke ba. Hotonki yana gefen gadonta.

Ɗanki,
Lamont


Brownsville
4 ga Agusta

Ɗana Lamont,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, tawa tana tafiya taka tana zuwa, yanzu kam na san ka karanta. A tsaye na karanta taka a bakin hanya, har mai kawo wasiƙu ya dawo da baya ya tambaye ni ko lafiya. Ka yafe mini baƙaƙen maganganun da na yi maka. Ina can ina lissafin abin da aka hana ni, ban taɓa tunanin abin da yarinyar take ɗauke da shi ba. Kada ka matsa mata, kuma kada ka nuna mata na sani, sai in ita ta so.

Kitso kuwa ka nemi coci irin tamu, ka zauna a baya ka duba kawunan yara. Wadda kanta ya fi kyau, ka bi uwarta.

Yanzu maganar kwali. Da na buɗe shi sai na ce Lamont ya yi kuskure, wannan ba ƙafar yarinya ba ce. Na ɗauko na bara na ɗora a kai, ya nutse a ciki. Na daɗe ina kallon sawun, ina jin kamar na san shi a wani wuri.

Ko ka tuna bara, ranar Juma'ar nan, Renita ta sayi takalmi wa kanta? Kambas ne mai laushi na tsayuwa a aji. Desa ce ta zaɓa, ruwan ɗorawa mai haske. Renita ta ce, "Haba Desa, ai tun daga titi yara za su hango ni." Desa ta ce, "Ai shi ya sa." Suka yi ta dariya, aka saya. Da muka dawo sai aka manta ledar a bayan motata. Renita ta ce in ajiye, za ta biyo ta ɗauka ranar Litinin in ta fito daga wurin likita. Ka san abin da likita ya gaya mata ranar Litinin. Ba ta sake shiga aji ba, ba wanda ya sake tuna takalmi. Yana cikin kabad ɗina tun lokacin, a kwalinsa, da takardar da ake cusawa a ciki.

Na ɗauko shi, na kifa, na ɗora zanen Desa a kai. Lamont, sawu ɗaya ne. Daga dunduniya har yatsa, kamar da shi aka zana.

Na saka maka shi a wannan ƙunshi. Sai dai ka sani, babu wurin babban yatsa a gaba, ko kaɗan. A rayuwata ban taɓa ba yaro takalmin da ba shi da wurin girma ba, yau na yi. Kai ne kake ganin idonta kullum. In ka ga zai yi mata nauyi, ka ɓoye shi, ka saya mata wani a can inda ba a biyan komai. In ka ga za ta iya, ka ba ta.

Na sa safa ma. Na saye su ranar Laraba, da haraji da komai, kada ka gaya wa kowa a coci.

Mamarka,
Verlene


Hermiston
7 ga Satumba

Mama Verlene,

Barka da war haka, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Muna lafiya. Ki gafarce ni da jinkiri, na so in ga yadda abin zai kasance kafin in rubuto. Mai kitso ta samu, yadda kika ce haka na yi, kuma matar ta ce duk wanda ya yi na baya a kai shi kotu.

Ƙunshin ya daɗe a saman kabad, kullum ina cewa gobe. Sai da ya rage 'yan kwanaki a koma makaranta, ta ce takalminta ya matse ta, na sauko da shi na ajiye a gabanta. Tana ɗaga murfin ta gane. Ba ta yi kuka nan take ba. Ta ɗauki ɗaya ta kai hanci, ta daɗe, sannan ta ce, "Babu ƙanshinta." Na ce ai ba ta samu ta sa shi ba. Ta ce, "Na sani." Daga nan ne muka yi kukan, ni da ita, wanda rabonmu da shi tun ranar jana'iza.

Da shi ta tafi ranar farko. Na tsaya a ƙofa ina kallonta har ta kai wurin jiran mota, kuma gaskiyar Renita, tun daga titi ake hango shi. Ba ta taka ciyawa da shi, ba ta gudu da shi. Kullum ta dawo sai ta goge shi da tsohon buroshin haƙori ta mayar kwali.

Na gaya mata kin san komai. Ta yi fushi da ni yini guda. Na kuma tayar da zancen zuwa wurinki lokacin bikin godiya da ake yi a Nuwamba, ta ce tukuna. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba, Mama.

Ta ba ni wannan 'yar takarda a naɗe, ta manne ta da gam, ta ce ba tawa ba ce. Ban buɗe ba.

Ɗanki,
Lamont

Kaka, ina wuni. Ina lafiya. Kada ki yi fushi ban zo ba, ina sonki. Na gode da takalmi da safa. Ya yi mini daidai cif. Amma shekaranjiya na ji babban yatsana yana taɓa gaba. Na daina shan madara don kada in ƙara girma, a banɗaki nake zubarwa, Baba bai sani ba. Kaka, in ya matse ni fa? Babu wani kuma da Mama ta saya. Taki, Desa.


Brownsville
15 ga Satumba

Ƙawata Desa,

Ina gaishe ki, ina lafiya, kuma ban taɓa yin fushi da ke ba. Takardarki tana jikin firij.

Ki koma shan madararki tun ban haɗa ki da babanki ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, zai matse ki, wataƙila ma kafin Kirsimeti. Ƙafa ba ta jiran kowa. Na yi wannan roƙon naki a kan uwarki tun tana ƙarama, na so ta tsaya yadda take, ba ta tsaya ba. Kuma da tana nan ta ga kin wuce ta, da duk Brownsville sai sun ji labari.

Ki taka ciyawa da shi, ki yi gudu da shi. Don a sa aka saye shi, ya gaji da zaman kwali. Ranar da ya matse ki, ki wanke shi, ki mayar da shi ciki, ki zo mini da shi. Ba sai kin zauna a gaba ba. Mu ɗora kwalin a kujerar, ke ki zauna a bayana inda kika saba, ki yi ta harbin kujerata ina faɗa. In kin ji ba za ki iya shiga kantin Jackson ba, mu wuce Memphis. In kin ɗauko abu kin juyo da gudu, ni zan tsaya a wurin. Na san ba ni kike nema ba. Ni ma in na juya ba na samun wadda nake nema, sai mu nuna wa juna.

Ba sai kin jira Yuli ba. Ko tsakiyar Janairu ne, ki zo. Zan biya harajin.

Kakarki,
Verlene